Kiwon ƙoƙi-ƙoƙi a gida: tambayoyin da ake yawan yi mini a Jidda

Shekara huɗu ke nan ina kiwon ƙoƙi-ƙoƙi a wani ɗan lungu na gidanmu a nan Jidda. Duk baƙon da ya shigo ya ga robobi jere a kan kanta sai ya tsaya ya leƙa, daga nan tambayoyi su ɓarke. Yaran 'yan'uwa na Makka da Madina su suka fi matsa mini, wasu ta waya, wasu in sun zo hutu. Na tattara tambayoyin a nan yadda aka yi mini su, na amsa da abin da na gani da idona da wanda na karanta na gwada.

Kawu, wane irin ƙwaro ne wannan, kuma me Larabawa ke ce masa?

Shi ne dai ƙoƙi-ƙoƙin da iyayenmu suka sani a gonakin ƙasar Hausa, mai dogon wuya da hannuwa biyu a naɗe a ƙirji kamar mai roƙon Allah. A nan za ka ji ana cewa faras annabi, wato dokin Annabi, suna ne da jama'a suka laƙaba masa. A littattafai kuma sur'uf ake rubutawa. Irinsa sun haura 2,400 a duniya, kuma danginsa na kusa su ne kyankyaso da gara, ba fara ba, duk da kamar da mutane ke gani.

Idanunsa biyar ne: manya biyu a gefe, ƙanana uku a tsakiyar goshi. Yana juya kai ya dubi bayansa, abin da yawancin ƙwari ba su iya ba. Kunnensa ɗaya tal, a ƙarƙashin ƙirji tsakanin ƙafafu, masu bincike biyu a Amurka, David Yager da Ronald Hoy, suka bayyana shi a 1986. Da shi yake jin sautin jemage in yana shawagi da dare, sai ya faɗo ƙasa ya tsira.

Yana cizo? Yana da dafi?

Wannan tambayar Hajiya ce, ranar da ta fara ganin ɗaya a hannun jikanta. Ba shi da dafi, ba shi da ƙari irin na kunama ko rina. Abin da zai iya yi shi ne ya cafki yatsa da hannuwansa masu ƙaya in ya ɗauka abinci ne, ko in an matse shi. Babbar mace takan ɗan yi wa mutum rauni kamar sukar ƙaya, shi ke nan. Kada a kama shi ta baya ko ta wuya. A shimfiɗa tafin hannu a gabansa, a ɗan taɓa shi ta baya, da kansa zai hau. Kuma a yi haka a zaune a kan tabarma, domin mace mai ciki in ta faɗo daga tsaye a kan tayil cikinta na iya fashewa.

Malam, ya halatta a tsare shi a gida?

Ni ba mai fatawa ba ne, wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa. Amma hadisai biyu ne ke raina kullum. Akwai na ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana tambayarsa labarin tsuntsun. Akwai kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Duk wanda ya rufe mai rai a roba, cinsa da shansa sun koma wuyansa.

Mutanen Makka kuma su tuna da hurumin Harami: ba a korar abin farautarsa, ba a sare itatuwan da suka tsiro a cikinsa. Ni ba na kama komai, ba na kuma karyar reshe a cikin iyakar Harami. In ina son itace ko ƙwaro, waje nake nema.

A ina zan samu, kuma da wane iri zan fara?

Ka fara da ɗan ƙasa. Wanda ya fi dacewa da sabon shiga shi ne babban koren nan da masana ke kira Sphodromantis viridis. Ana samunsa a Afirka ta Yamma da ta Arewa har zuwa nan yankin Larabawa. Macen takan kai kusan santimita 8, wani kore ne shar, wani ruwan ƙasa, da ɗan farin ɗigo a kan kowane fiffike. Ba shi da tsirfar abinci, yana jure zafi, yana kuma jure kuskuren mai koyo. A gonaki da lambuna ake ganinsa, musamman bayan an yi ruwa ciyawa ta fito, kuma mazan sukan zo wurin fitila da dare. Ta farko da na samu, wani abokina mai aikin lambu a hanyar Usfan ya kawo mini ita a kofin shayi.

Akwai wani mai zane-zanen fari da kore, Blepharopsis mendica, da ke zama a ƙayoyin daji. Kyakkyawa ne ƙwarai, amma yana son zafi da bushewa da ƙwari masu tashi, ga shi ba ya iya hawa santsin gilashi. A bar shi sai hannu ya faɗa. Haka ma na hamada, Eremiaphila, mai gudu a ƙasa tsakanin tsakuwa.

Samari da yawa suna turo mini hoton wani fari mai ruwan hoda kamar fure, wanda asalinsa daga dazukan Malesiya da Indunusiya ne, suna cewa shi suke so. Ba na ba da wannan shawarar. Yana buƙatar danshin da ke da wuyar riƙewa a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana. Ban da haka, shigo da mai rai daga waje sai da izinin hukuma, akwai cibiyar ƙasa mai kula da namun daji da ke da wannan hurumin. Kada wani ya roƙi ɗan'uwa mai zuwa Umara ya cuso masa ƙwaro ko ƙwansa a jaka, zai jefa bawan Allah a matsala a filin jirgi.

Wane irin gida zan yi masa?

Tsawon gidan daga ƙasa zuwa sama ya ninka tsawon jikinsa sau uku, faɗin kuma sau biyu. Babba mai santimita 8 ke nan yana son gida mai tsawon santimita 24 ko fiye. Robar alawa ko ta goro mai haske ta isa. Ka yanke tsakiyar murfin, ka shimfiɗa ƙyallen gidan sauro a bakin, ka mayar da zoben murfin ya danne shi. Wannan ragar ita ce rabin kiwon, domin a jikinta zai wuni a rataye, kai a ƙasa, a nan kuma zai yi saɓa. Ka jingina sanda ɗaya mai kaushi daga ƙasa zuwa sama, ka shimfiɗa tishu a ƙasa don sauƙin shara. Kada ka cika gidan da ado. Filin da ke ƙarƙashin ragar a bar shi fayau.

Ƙarami kuma a sa shi a ƙaramin kofi, domin a babban gida abincin ɓace masa yake yi.

Zafin nan namu ba zai kashe shi ba?

Abin da ya fi so tsakanin digiri 25 ne zuwa 30. Zafin inuwa ba ya damunsa sosai, amma roba a rana tanda ce. A bar ta a taga ko a saman bene ko a cikin mota da azahar, kafin a idar da salla an rasa shi. Ta ɗaya gefen kuma, iskar mukayyif tana busar da gidan, sanyinta yana kashe masa cin abinci. Ni ina ajiye nawa a lungun da iskar ba ta bugawa kai tsaye.

Amma ba zafi ne ya fi kashe su a gidajenmu ba, feshi ne. Maganin sauro da na kyankyaso, na gwangwani da wanda ake maƙalawa a soket, duk guba ne gare shi. Ranar da za a yi feshi a gida, ko aka ji motar baladiyya, wato hukumar gari, tana feshin sauron dengi a unguwa, a kai robobin ɗaki mai nisa a rufe taga. Turaren wuta ma, wanda ba a raba gidan Bahaushe da shi, kada a kai kaskon kusa da su. Wanda ya shafa turare ko maganin sauro ya wanke hannu kafin ya taɓa.

Me yake ci, kuma sau nawa?

Mai rai kawai yake ci, mai motsi. Ba ya cin ganye, ba ya cin tuwo, kuma kada a ba shi nama. Babba yana cin ƙuda, fara, gyare, faɗa-wuta da ƙananan kyankyasai na kiwo. Shagunan tsuntsaye suna sayar da tsutsar da ake ba kanari, ita ma yana ci in an miƙa masa da hantsaki, sai dai kada ta zama abincinsa na kullum. Girman abincin kada ya wuce kamar sulusin jikinsa. Kada a ba shi kyankyason ban-ɗaki ko na kicin, domin mai yiwuwa ya riga ya taka magani. Rina da ƙudan zuma da cinnaka ma a bar su.

Ba na ƙirga kwana, cikinsa nake dubawa. In ya shafe kamar ganye, yunwa yake ji. In ya yi tim, a ƙyale shi. Yawanci babba kan ci bayan kwana biyu ko uku, ƙanana kuma kusan kullum. Ka zauna ka kalli yadda yake farauta ko sau ɗaya: zai kafe ƙudan da ido, ya riƙa rangaji kamar ganyen da iska ke kaɗawa, sai ka ga ƙudan a hannunsa ba ka ga lokacin da ya miƙa ba. In ya gama sai ya bi hannuwansa da baki yana sharewa, ya goge fuska kamar kyanwa.

Ruwa fa?

Ba a sa masa kwano. A fesa ruwan sha kaɗan a bangon robar, zai sunkuya ya sha ɗigon. A Jidda lokacin ruɗuba, wato danshin iska, sau biyu a mako ya isa. A Madina ko Riyad, inda iska ke bushe, sai an ƙara. In bango ya kwana a jiƙe ko tishu ya fara baƙi, ruwan ya yi yawa.

Yaya, nawa ya daina cin abinci kwana uku, yana rataye ba ya motsi. Ciwo ne?

Mafi yawan lokuta ba ciwo ba ne, saɓa zai yi. Wannan ita ce tambayar da na fi so a karanta da kyau, domin a nan ake asarar mafi yawansu.

Fatar ƙoƙi-ƙoƙi ba ta girma da shi. Sai ya tuɓe ta kamar yadda maciji ke yi, sau shida zuwa tara a rayuwarsa gwargwadon iri, kuma mace takan fi namiji da ɗaya. In lokacin ya gabato sai ya ƙi abinci, ya riƙa ture ƙwaron da hannu maimakon ya kama, launinsa ya dushe. In saɓar ƙarshe ce, za ka ga 'yan fukafukan bayansa sun kumbura.

Abu uku za ka yi. Ka fitar da duk wani ƙwaro mai rai daga gidan. Ka ɗan fesa ruwa a bango, ba a jikinsa ba. Sannan ka ɗauke hannunka, kada ka ɗaga robar, kada ka buɗe, kada yara su girgiza kantar.

Na taɓa dacewa da ganin saɓar daga farko har ƙarshe, wata rana bayan na dawo daga sallar asuba. Ta kafa ƙafafunta huɗu a raga, kai a ƙasa. Fatar ta tsage a bayan wuya, sai ga sabon jiki yana ɓullowa, laushi kamar ɗanyen ganyen latas. A hankali ta zaro kai, ta zaro hannuwa, ta zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, har ta rage a rataye da ƙarshen cikinta kawai a tsohuwar fatar. Ta daɗe a haka ƙafafun suna bushewa, sannan ta lanƙwaso ta kama ragar. Fukafukan da suka fito a cukurkuɗe suka riƙa miƙewa har suka rufe bayanta. Nauyin jikinta ne ke jawo ta ƙasa daga cikin fatar, shi ya sa ake nacewa a kan tsawon gida. In ta taɓo ƙasa kafin ta gama fita, a lanƙwashe za ta bushe.

Ta farkon nan da aka kawo mini daga Usfan haka na rasa ta. Na sa ta a gajeruwar kwalba mai murfin ƙarfe da na huda, ta rasa abin kamawa ta zamo tsakiyar saɓa. Da safe na tarar da ita a ƙasa, rabi a cikin fata, ƙafafu a murɗe. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin da na san zancen raga da ba ta mutu ba. Wani yaro kuma ya bar gyare a gidan nasa ya kwana, gyaren ya cinye gefen cikinsa yana cikin laushi.

Bayan saɓa a jira kwana ɗaya cur kafin a ba shi abinci, babba ma kwana biyu.

Ƙafarsa ɗaya ta guntule, zai rayu?

Zai rayu. In ƙarami ne, ƙafar za ta fito a saɓa ta gaba, 'yar siririya, ta ƙara girma a ta bayanta. Wanda ya riga ya yi fiffike ya gama saɓa, sai dai ya zauna a haka. In hannun kamun ne ya lalace, a riƙa miƙa masa abinci da hantsaki har bakinsa.

Zan iya haɗa biyu a gida ɗaya?

A'a. Ɗaya zai cinye ɗaya, ko da uwarsu ɗaya.

Yaya ake gane mace da namiji?

Ka dubi cikin ta ƙasa ka ƙirga gaɓoɓin. Mace shida, ta ƙarshen babba ce mai faɗi. Namiji takwas, suna ƙanƙancewa zuwa ƙarshe. Tun daga saɓa ta uku ko ta huɗu ake iya gani, in ka ɗauki hoto da waya ta jikin robar ka buɗa shi. In sun girma ba sai an ƙirga ba: namiji siriri ne mai dogayen gashin kai, yana tashi sosai, mace kuwa jibgegiya ce, da ƙyar take ɗagawa.

Gaskiya ne macen tana cinye namijin? To yaya za a haɗa su?

Yana faruwa, amma ba kullum ba, kuma yunwa da ƙuncin wuri ne ke ƙara shi. Har ma akan ga ta cinye kansa, gangar jikin ta ci gaba da barbara.

A jira mako biyu zuwa huɗu bayan saɓar ƙarshe, dukansu biyun. A ƙosar da macen kwana biyu ko uku a jere. Ranar haɗawa, da yamma, a fito da su fili, kamar jikin labule a ɗakin da aka rufe taga aka kashe fanka. A fara ajiye namijin ya natsu, sannan a sa macen a gabansa, tana ba shi baya, da babbar fara a hannunta tana ci. Zai kafe ta da ido, ya riƙa matsowa a hankali, wani lokaci ya shafe awa guda kafin ya daka tsalle ya hau. Ka zauna kusa da ɗan siririn kara a hannu. In ta juyo ta ɗaga masa hannuwa, ka sa karan a tsakaninsu ka raba, a sake gwadawa bayan kwana uku. In sun haɗu sukan ɗauki awoyi da yawa. Da ya sauka zai tashi ya gudu, sai ka neme shi a saman labule ka mayar da shi gidansa.

Ga shawarata, ko da ba a tambaya ba: kada mutum ya haɗa su a shekararsa ta farko. Ya fara rainon ɗaya daga ƙarami har ya yi fiffike tukuna.

Ta yi wani abu kamar kumfa a jikin sanda. Mene ne?

Jakar ƙwai ce. Da dare take fitar da kumfa daga ƙarshen cikinta, tana jera ƙwai a ciki, kafin safiya ta bushe ta yi tauri, launin ruwan ƙasa, kusan girman dabino. Za ta yi irinta da yawa, makonni kaɗan tsakani. Ko macen da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba tana yi, sai dai yawanci ba ya ƙyanƙyashewa. Wadda aka kamo babba daga lambu kuwa, a ɗauka ta riga ta haɗu.

A bar jakar kwana uku zuwa biyar ta ƙeƙashe, sannan a ɗauke ta da sandarta a kai wata roba mai ƙyalle mai ƙananan ƙofofi. A rataye ta a sama yadda uwar ta ajiye ta, da fili a ƙasa, domin 'ya'yan a jikin zare suke zubowa. A riƙa ɗan fesa bango bayan kwana biyu ko uku. Kiyashi babban abokin gaba ne a nan, ni ina ɗora robar a faranti mai ruwa. In ka tsinci jaka a daji ka ga 'yan ƙananan huji a gefenta, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya riga ka, ya yi ƙwai a ciki 'ya'yansa suka cinye na ƙoƙi-ƙoƙin.

In sun ƙyanƙyashe me zan yi da su?

A zafin ɗaki mako huɗu zuwa shida suke yi. Rana ɗaya za ka tashi ka ga robar ta cika da 'yan ƙwari kamar sauro, fiye da ɗari daga jaka ɗaya. Ba sa cin komai a ranar farko, ruwa kawai za a ɗan fesa musu, feshi mai laushi, don babban ɗigo yana nutsar da su. Daga kwana na biyu sai abinci, kuma abincinsu ɗan ƙaramin ƙudan nan ne da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba.

Shi ma kiwonsa ake yi, kuma tun kafin ƙyanƙyasa. Ka dama ayaba da ta nuna sosai da ɗan yis a kwalba, ka ajiye ta a buɗe kusa da kwandon kayan marmari kwana biyu, ƙudajen za su shiga su yi ƙwai. Ka rufe da ƙyalle, cikin kamar kwana goma sababbi za su fito. In za ka ba su, ka sa kwalbar a firji minti biyu ko uku su yi sanyi, sannan ka kaɗa su cikin robar. Ka fara wannan tun jakar tana da mako biyu, kwalba biyu ko uku, ba ɗaya ba. Karon farko ban shirya ba, suka fito mini ana jibi Babbar Salla, ina ji ina gani suka riƙa cin junansu.

Bayan saɓa ta biyu sai a raba su, kowa da kofinsa. Mutum ɗaya ba zai iya da kofi ɗari ba. Ka zaɓi goma, ka ba masu so, sauran kuma, in ɗan ƙasa ne, ka mayar da su lambun da aka samo uwarsu, da yamma, inda ba a feshi. Baƙon iri kuwa ba a sakinsa ko ɗaya.

Baba, shekara nawa zai yi?

Ƙaramar 'yata ce ta yi wannan tambayar, na kuma gaya mata gaskiya tun ranar farko: daga ƙyanƙyasa zuwa mutuwa kamar shekara guda ne. Namiji yakan yi wata biyu ko uku bayan ya yi fiffike, mace ta fi shi daɗewa. In tsufa ya zo sai ƙafafun su daina kama raga, ta riƙa zamowa, ta rage ci. A lokacin nakan sauko mata da sandar, in kwantar da ita a gicciye kusa da ƙasa, in ninka tishu a ƙarƙashi, in riƙa ba ta ruwa a jikin auduga da ɗan ɗigon zuma a kan tsinken sakace.